Faifan da Aka Ce Kada a Goge

"Ka goge abin da ke cikinsa kafin ka saka?"

Dogo ne ya yi tambayar, abokin maigidana. Ina tsaye a bakin ƙofar ƙaramin ɗaki da farantin shayi a hannu, ban kai ga yin sallama ba.

"In goge me?" in ji maigidan. "Da na danna, sabar da kanta za ta bi ta kansa ta rubuta namu. Wa ke wanke bango kafin ya shafa masa fenti?"

"Mai hankali," in ji Dogo. "Injiniya, wannan saurin naka wata rana sai ya kai mu ya baro."

Suka kwashe da dariya. Na yi sallama, na ajiye farantin a ƙasa kusa da bango. Dogo ya ce, "Amarya, zo ki ga mijinki yana yi wa 'yarsa tiyata." Maigidan ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce na tare musu haske. Na fita.

Sabar da suke magana a kai wani baƙin akwatin ƙarfe ne, tsayinsa ya kai gwiwata. Shi ya haɗa ta da hannunsa daga tarkacen kwamfutoci tun kafin aurenmu. A gabanta akwai aljihu huɗu a jere daga sama zuwa ƙasa, kamar na durowa. Kowanne da faifai ɗaya a ciki, da 'yar fitila kore, da noti biyu da suka riƙe shi, hagu da dama. Duk hotunan gidan da takardun aikinsa a cikinta suke, kuma daga waya ko kwamfuta ake leƙa su. Ya taɓa gaya min, ranar da yake cikin nishaɗi, cewa in faifai ɗaya ya mutu sauran ukun za su riƙe komai har a sa wani. In biyu suka tafi tare kuwa, sai dai a ce Allah ya jiƙan rai.

Ni abu ɗaya gare ni a cikinta. Muryar Inna.

Saƙon murya arba'in da ɗaya ta turo min a shekararta ta ƙarshe, don ba ta iya rubutu a waya ba. Wata uku bayan rasuwarta wayata ta cika, na ba shi ya duba min. Da ya dawo min da ita babu ko ɗaya. Ya kwashe su ya zuba a sabar, ya goge na wayar. "Can sun fi tsaro," ya ce, yana jiran in yi godiya. Na yi godiyar. Sannan na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ya ji kukana. Tun daga ranar, in ina son jin uwata sai akwatinsa ya ga dama.

Ranar Litinin akwatin ya fara kuka, ɗit, ɗit, ɗit, dare da rana. Faifai ɗaya ya mutu. Maimakon ya sayi sabo irinsa, sai ya ce ai dama ce ta samu, zai sa wanda ya fi girma, a hankali ya canja su duka. Sabo mai girman ya yi masa tsada, ya je wurin masu kwance tsofaffin kwamfutoci ya samo na hannu.

Ina sharar baranda bayan na kai musu shayin, abu biyu suka zo gaban tsintsiyata. Na farko ɗan noti ne, ya gangaro ta ƙarƙashin ƙofa. Na ji maigidan daga ciki yana cewa, "Noti ɗaya ya faɗi. Bar shi kawai, ɗayan ma zai riƙe." Na ɗaure shi a bakin zanena da niyyar in ba shi in ya huce. Na biyu wata 'yar takarda ce mai gam, ta tsufa har ta yi ruwan ƙasa, da alama daga jikin faifan ya ɓare ta ya yar. Da jan biro aka yi rubutun, hannun mai rubutun yana rawa. Na haɗa baƙaƙen a hankali.

AMANA NE. KADA A GOGE.

Na tsaya da ita a hannu. Na dubi ƙofar. Na tuna yadda yake kallona in na sa baki a maganar na'ura, kamar akuya ta ce za ta yi limanci. Na cusa takardar a kwandon shara, na ci gaba da aikina.

Da la'asar suka fito. An kira su wani aiki a can ƙarshen gari. Ya kwashe jakar kayan aikinsa, ya ce tun hantsi sabar ta fara zuba kayanmu a sabon faifan, zai ɗauke ta awa goma sha ɗaya.

"Kada ki taɓa komai. Ko shara kada ki yi a ɗakin. In kika zaro abin da ba shi ba yanzu, komai ya tafi. Kin ji ni?"

"Na ji."

"Har da na Innarki," ya ƙara, yana saka takalmi. Wai don in ji tsoro.

Sai da na ji zuciyata ta yi zafi kamar an ɗora mata garwashi.

Gab da magariba ya kira. Ya ce in shiga ɗakin in karanta masa lambar da ke kan allon kwamfuta, mai nuna inda zubin ya kai, in fito. Shi ke nan aiken.

Na tura ƙofar.

Ɗakin nan kullum da ɗumi yake, yana warin ƙura mai zafi da roba. Ran nan kuwa sanyi na tarar, irin na cikin randa. Warin ma ya canja. Wari ne na ɗakin da aka daɗe da kullewa, tabarmar da ta sha ruwa, da wani abu kamar maganin asibiti a ƙarƙashi. Hasken taga ya yi ja, yana ƙarewa. Farantin shayin yana nan inda na ajiye shi, kofi biyu da cokali.

"Sittin da biyu," na ce a waya.

"Yawwa. Yana tafiya daidai."

"Ya koma sittin da ɗaya."

"Ba ya komawa baya. Buɗe idonki da kyau."

"Sittin."

"Ke dai da lamba sai a hankali," ya ce, na ji Dogo yana dariya a gefensa. "Fito kawai ki ja ƙofar, kafin ki..."

Layin ya yanke. Na sake kira, wayar ta yi shiru kamar dutse.

Sai na ji ƙarar.

Na san ƙarar sabar nan kamar yadda na san minsharin mai ita. Fanka ce ke huci, faifai na ɗan gurnani. Wannan dabam ce. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Kamar farce yana ƙwanƙwasa ƙarfe daga ciki.

Allon ya yi walƙiya. Ban taɓa komai ba, Allah ne shaidata. Wurin ajiyata ya buɗe da kansa, inda saƙonnin Inna suke a jere. A ƙasan jerin akwai lambar da na haddace, arba'in da ɗaya.

Ƙas.

Arba'in.

Na matsa kusa. Na ce ko idona ne. Saƙon farko, wanda take tambayata ko na iso lafiya ranar da aka kawo ni gidan nan, babu shi. Na biyu ya hau wurinsa.

Ƙas.

Talatin da tara.

Aka ɗauke wuta. Kwan ɗakin ya mutu, amma batirin da ya haɗa wa sabar ya riƙe ta, ita da allon. A bayana ƙofar ta rufe a hankali, ba iska, ba kowa. Na ji harshen makullin ya faɗa raminsa.

Wayar da ke hannuna ta yi haske.

"Auta, kin ci abinci kuwa?"

Muryar Inna. Saƙo na bakwai, na san shi, bayan tambayar takan yi tari sau biyu ta ce kada in riƙa zama da yunwa don kunya. Na jira tarin.

Ba a yi tari ba.

"Wa ya ba ku izinin rubutu a kan nawa?"

Muryarta ce, amma an cire mata duk wani taushi. A hankali ake maganar, ta tsakanin haƙora. Inna ba ta taɓa yi min magana haka ba ko ranar da na fasa mata madubi.

Na saki wayar ta faɗi. Maganar ba ta tsaya ba, sai ta koma fitowa daga cikin akwatin.

"Shekara goma sha ɗaya ina zaune a kansa. Mai shi ya ce in tsare masa. Ya mutu, ban tashi ba. Yau kun zo kuna take min shi."

 Da ƙyar na haɗa a'uzu billahi a zuci.

"Ba ni ba ce," na ce, muryata kamar ta sauro. "Mijina ne ya..."

"Shi bai karanta ba. Ke kin karanta."

Na ja da baya.

"Kin karanta, kin jefa a shara, kin ci gaba da aikinki. To, ku shafe min ɗaya, in ɗauke miki ɗaya. Na duba duk abin da ke cikin akwatin nan. Naki ne kaɗai ake kuka a kansa."

Ƙas.

Talatin da takwas.

Na juya na kama mariƙin ƙofa. Sanyinsa ya ƙona min tafi. Na ja, na murɗa, na buga da kafaɗa. Na kira maƙwabciyarmu, muryata ba ta wuce bangon ba. Daga nesa na ji ana kiran salla, siriri, kamar daga wata duniya.

Talatin da bakwai. Talatin da shida.

A nan ne wani abu ya tsinke a ƙirjina. Ba jarumta ba ce, ni ban san ta ba. Haushi ne. Haushin mutumin da ya kwashe min uwa daga hannu ya kulle a akwati ya ce in gode. Haushin dariyar da aka yi min a waya. Haushin wannan abin da ya rasa wanda zai huce a kansa sai ni, har ya ari bakin Inna yana zagina da shi. Wanda ya fi su duka ciwo, haushin kaina da na ga takarda na yi shiru don kada a harare ni.

"Ajiye muryar uwata," na ce.

Ƙarar ta tsaya.

"Na ce ka ajiye ta! Kai an ba ka amana, ni gadona ke nan, ba ni da wani. Ba ta bar min gida ba, ba ta bar min zinariya ba. Ka ga wanda ya take maka kaya ka ƙyale shi, ka zo kan marainiya. Wannan shi ne gadin naka?"

Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga murya haka ba. Har maƙogwarona ya yi zafi.

Aka yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"To cire ni mana. In kin san wanne ne ni."

Fitilun nan huɗu suka koma ja gaba ɗaya. Allon ya dushe, ya bar lambar kaɗai tana haske.

Talatin da biyar.

Na durƙusa a gaban akwatin. Aljihu huɗu iri ɗaya, baƙi a cikin duhu. Ban ga wanda suka sa faifan a ciki ba, ai korata aka yi. In na zaro na kirki, biyu sun tafi ke nan, Inna ta tafi duka, da hannuna.

Gwiwata ta danne wani abu mai tauri a bakin zanena.

Notin.

Ɗayan ma zai riƙe, haka ya ce.

Na miƙa yatsa na laluba aljihun sama. Noti a hagu, noti a dama.

Na biyu. Hagu. Dama.

Wani numfashi mai sanyi ya sauka a bayan wuyana. Warin tabarmar nan ya cika min hanci. Ban waiwaya ba.

Na uku. Noti a hagu. A dama, rami.

Talatin da huɗu.

Na ja aljihun. Notin hagu ya riƙe shi gam. Sukundireba tana cikin jakar da ya tafi da ita. Na sa farce, farcen ya karye. Na laluba ƙasa, hannuna ya bugi kofi, ya kife. Cokalin shayi.

Na sa gindin cokalin a tsagar notin. Ya zame. Na sake sawa.

Talatin da uku.

Ya juya kaɗan.

Hannu ya kama min wuyan hannu.

Yatsu ne dogaye, busassu, masu sanyi kamar ƙanƙara, sun fito ta tsakanin akwatin da bango inda ko ɓera ba zai wuce ba. Suka matse. Na ji ƙashina yana ƙara.

Na mayar da cokalin hannun hagu.

Talatin da biyu.

Talatin da ɗaya.

Notin ya faɗi, ƙwal.

"Auta."

Wannan karon da taushinta ta zo. Muryar da take kirana da ita in zazzaɓi ya kama ni.

"Auta, kada ki cire. Ina ciki. Duhu ne a nan, 'yata."

Hannuna ya tsaya a kan aljihun.

Talatin.

"Inna tana inda Allah ya ajiye ta," na ce, hawaye na shiga min baki. "Kai maƙaryaci ne."

Na fizgo shi da duk ƙarfina.

Faifan ya fito da zafi kamar dutsen guga. Wata ƙara ta tashi, ba ta mutum ba, ba ta ƙarfe ba, har gilashin taga ya yi rawa. Na yar da shi. Hannun ya sake ni. Na tashi na faɗa kan ƙofa, ta buɗe kamar ba a taɓa kulle ta ba, na zube a baranda, na ja jiki da gwiwa har tsakar gida.

Ban san tsawon zaman da na yi a wurin ba. Wuta ta dawo. Daga cikin ɗakin na ji tsohon kukan sabar, ɗit, ɗit, ɗit. Ban taɓa zaton zan ji daɗinsa ba. Da na iya tashi na leƙa daga bakin ƙofa. Fitila uku kore. A kan allo, ashirin da tara.

Bayan isha maigidan ya dawo. Ya ga faifan a ƙasa, da cokali, da kofin da ya kife. Ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Wa ya aike ni, me na sani, da na ɓata masa aikin shekara shida fa? Na bar shi ya gama. Na ce na ji ƙauri ne, na ga lamba tana komawa baya, na cire.

"Ta yaya ma kika san wanda za ki cire?"

Na kwance bakin zanena na ajiye masa notin a tafin hannu. Ya dube shi, ya dube ni.

Washegari Dogo ya zo ya jona faifan a tasa na'urar. Ko motsi bai yi ba. Ya kai shi kunne, ya girgiza, ya ce, "Injiniya, wannan ai ya shekara da mutuwa. Ta ina ma sabar ta karɓe shi jiya? Ka gode wa Amarya, da ya ja sauran sun bi shi." Maigidan ya bincika takardunsa da hotunansa, ya ce babu abin da ya ɓata. Wurin ajiyata bai buɗe ba. Bai ma san saƙo nawa ne a ciki ba.

Ya sayo sabo a cikin ledarsa. Kafin ya saka na tsaya a tsakiyar ɗakin, a cikin haskensu, na miƙa masa wayata. Na ce ya mayar min da saƙonnin Inna yanzu, kafin ya taɓa noti ɗaya. Ya buɗe baki. Ban sauke idona ba. Ya karɓi wayar.

Ashirin da tara nake da su. Sha biyu sun tafi, har da na bakwai, har da wanda take ba ni labarin yadda kaza ta shige mata ɗaki tana dariya har ta kasa ƙarasawa. Shatin yatsu huɗu ya zauna a wuyan hannuna, ya yi baƙi, na rufe shi da awarwaro.

Mataccen faifan kuwa, ya jefa shi a kwalin tarkace ya ce masu sayen ƙarfe su tafi da shi. Na ɗauke shi. Na tono takardar nan daga shara, na manna masa ita yadda take. Na naɗe shi a ɗankwalin Inna, na sa a ƙasan akwatin kayana.

Ba ya haɗe da wuta, ba ya haɗe da komai. Amma in rana ta yi ja, gab da kiran salla, yakan yi ƙas, ƙas, a hankali. Jiya na kasa daurewa na kara kunnena a jikin ɗankwalin. Can ciki, nesa sosai, na ji tari sau biyu. Sannan na ji an ce kada in riƙa zama da yunwa don kunya.

Ban yafe wa mai gadin faifan ba, shi ma na san bai yafe min ba. Amma na ga irin riƙon da yake yi wa abin da ke hannunsa, kuma sha biyun nan yanzu a hannunsa suke.

In na gaya wa maigidan, guduma zai sa masa don ya nuna min babu komai a ciki. In na gaya wa goggona, kafin yamma ta sa an ƙone shi. Wancan shirun da na yi tsoro ne ya sa ni, kuma na biya shi da tsada. Wannan ni na zaɓe shi da kaina. Na mayar da kaya a kansa, na kulle akwatin, na ɗaure makullin a bakin zanena inda notin ya wuni. Babu wanda zan gaya wa.